Zallar Man Kirfa

Layin kiyashin da ke bin gindin katangar bayan shagon ya zo wani wuri ya lanƙwashe, ya yi kewaye kamar ya tarar da rami, sannan ya koma kan hanyarsa. Babu rami a wurin, babu ruwa, babu komai sai busasshen siminti. Mai Sawu ya gan shi ne a wucewa yana face hanci da ƙyalle, bai tsaya ba, don hayaniyar da ta sa aka kira shi tana can gaba.

Dogon tsoho ne, marar yawan magana. Da ƙuruciya sawun dabbobin sata yake bi a daji. Da ƙafa ta gaji ya dawo cikin gari, yanzu sai dai a kira shi in akuya ta ɓace ko an ɗauke babur a ƙofar gida. Yau kuwa Hajiya mai shagon man ƙamshi ce ta aiko a ce masa ya zo ko da rarrafe ne, ga shi mura ta toshe masa hanci kaf.

Ƙofar shagon ta cika da mutane. A tsakiyarsu Tela ne, maƙwabcin shagon, tef ɗin awo rataye a wuyansa, hannunsa na dama naɗe da farin ƙyalle.

"Ubana fa!" in ji shi. "Tsoho mai ciwon suga, wanda ko ƙaya ce ta soke shi sai ya yi jinya. Ku je asibiti ku ga bayansa, kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. Ni da na shafa masa ma ku dubi hannuna!"

"Yarinyar nan ce," in ji wata mata daga baya. "Irin masu shiru-shirun nan, ni dama tsoronsu nake ji."

"A gabanmu ta yi masa alkawari ai," wani ya ƙara.

Tela ya nuna ƙofar shagon da hannun hagu. "Zan koma wurin Baba. In la'asar ta yi, da 'yan sanda zan dawo, su tafi da ita. Wanda zai ba ni haƙuri ya riƙe abinsa."

* * *

Cikin shagon akwai sanyi da duhu-duhu. Ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa sun yi sahu a kan kanta, kowace da sunanta a jiki: na'a-na'a, kanumfari, ɓawon lemo, kirfa. Hajiya na zaune a bayan tebur, ta zame ɗankwali, tana fifita da kwali duk da fanka na juyawa.

"Malam, ka ji ƙamshin nan?" Ta miƙo masa wata kwalba.

"Hajiya, yau ko mushe aka ajiye min a gaba ba zan ji ba."

"To mun shiga uku, mai bin sawu babu hanci!" Ta dire kwalbar. "Wannan ita ce ta tsohon. Man tausa ne na ciwon gaɓoɓi, ya daɗe yana amfani da shi lafiya lau. Man kwakwa ne, sai ɗigo kaɗan na tataccen mai a ciki. Yau da aka dawo min da ita, ina buɗewa sai da idona ya kawo ruwa. An ɗura zallar man kirfa a ciki. Na shiga ɗakin ajiya, babbar kwalbar kirfa ta sauka da faɗin yatsu."

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Ni, sai yarinyar da ke min haɗi." Ta rage murya. "Amma ni zuciyata tana kan Mai Turaren can na tsallaken titi. Tun da matan unguwa suka dawo wurina yake kallona kamar na ci masa gado."

"Yarinyar fa? Kin yarda da ita?"

Hajiya ta kalli ƙofar ciki, ta kalli taron da ke waje. "Aikinta babu kuskure, wannan gaskiya ne. Amma zuciyar mutum ba a hannuna take ba, Malam. In ita ce, ni ba ruwana. Shagon nan da gumina na kafa shi."

Ƙofar cikin a buɗe take. Mai Sawu ya san maganar ta isa inda ba a so ta isa.

* * *

Mai Haɗi tana zaune a kan wata doguwar kujera a ɗakin ajiya, da rigar aiki a jikinta, hannuwanta a cinya. Siririya ce, ba ta kai talatin ba. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da 'yarta ɗaya da wannan aikin. Ba kuka take yi ba, amma da gani ta yi ta gama.

"Sannu, 'yata."

"Yauwa, Baba."

"An ce kin yi wa Tela alkawari a gaban mutane. Alkawarin me?"

"Ya zo karɓar man tsoho, ya ce wai ba ya aiki, ko ɗumi ba a ji. Na ce masa ai surkakke ne, ba a ba mutum zalla. Shi ke nan sai ya ɗaga murya, wai a gabansa nake faɗin na yi algus, wai muna cika kwalba da man banza muna cutar marasa lafiya. Har masu wucewa suka tsaya." Ta sunkuyar da kai. "Raina ya ɓaci. Na ce masa ranar da ya ga zalla zai gane kurensa."

"To ga shi an ga zalla."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Wallahi ba haka nake nufi ba."

Mai Sawu bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya taɓa ganin ɓarawon shanu yana kuka har da majina, bijimin da ya sata kuma yana ɗaure a bayan ɗakinsa. Ya juya ga kanta, ya ɗauko babbar kwalbar kirfa, ya ɗaga ta wajen haske. Wuyanta da ɗan danshi, ya goga a bayan hannunsa ba tare da ya kula ba. Kafin ya mayar da ita wurin ya fara yi masa raɗaɗi kamar an ɗiga masa garwashi.

"Kai!" Ya nufi bokitin ruwan da ke lungu.

"Kar ka sa ruwa!" Ta yi wuf ta riƙe masa hannun riga. Muryar ma kamar ba tata ba. Ta jawo gwangwanin man kwakwa, ta lakato, ta mulka a wurin, ta goge da auduga, ta sake mulkawa. "Ruwa ba ya ɗauke shi, baza shi yake yi. Da mai ake cire mai, sannan a bi da sabulu. Ranar da na fara aiki shi aka fara koya min, tun kafin sunayen kwalabe."

Raɗaɗin ya fara sauka. Ya dubi jan tabon, ya dube ta.

"Me ya sa komai naku kwalba ne? Ko mazurarin ma na gilashi."

"Zalla tana cin roba. In ka zuba a kofin roba marar kauri, kafin ka kai ƙofa ya fara narkewa."

"Waccan ƙofar ta baya fa?"

"Da tsakar rana nake buɗe ta iska ta shiga, in ba haka ba ƙamshin sai ya sa ciwon kai. Lokacin nake zuwa ɗauko 'yata daga makaranta. Mai gadi ne ke zama a bakinta har in dawo."

"Jiya ma haka?"

"Jiya ma haka." Ta ɗago ido karo na farko. "Baba, in suka tafi da ni, wa zai ɗauko ta yau?"

* * *

Mai gadi ya rantse tun kafin a tambaye shi.

"Ko nan da can ban motsa ba, Malam. Ni da kujerar nan kamar an haɗa mu da ƙusa."

"Wa ya wuce ta lungun bayan shagon?"

"Mai Turare! Shi na gani yana raɓe-raɓe kamar kyanwa a bayan mahauta. Dama na so in faɗa wa Hajiya."

Mai Sawu ya dubi kujerar. Ƙafafunta sun bar shaida a ƙurar da ke kan simintin, kuma ba a wuri ɗaya ba. Akwai jan da aka yi mata har bayan tankin ruwa, inda inuwa take da tsakar rana, inda kuma ba a hango ƙofa. Ya tsallaka titi.

Mai Turare gajere ne mai tumbi, da kwalli a ido. Da jin tambayar ya dafe ƙirji.

"Ni? In ƙone tsohon mutane? Baba, ni gulma ce sana'ata ta biyu, ba kisan kai ba."

"Me ya kai ka lungun?"

Ya waiga hagu da dama. "Tsakanina da kai? Sabulun nan nasu da mata ke rububi, so nake in gane abin da suke sawa. Sai in tsaya daf da taga in shaƙa. Hancina ya fi na kare, ba kamar wasu ba." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ban shiga ba. In shiga in yi me, a ce na saci kwalba?"

"Mai gadi ya ce ya gan ka."

"Ya gan ni a mafarki! Yana bayan tanki, hula a fuska, minsharinsa har kan titi. Ni ne ma na kore masa ƙuda."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Gani dai ban gani ba. Amma da zan fito na ji an buɗe famfon tsakar gidan hayan da ke cikin lungun da ƙarfi, wani yana ta jan iska ta haƙori, sss, sss, kamar wanda ya ci barkono. Na ɗauka wanka ake yi, na kama gabana."

Mutumin nan yana da dalili, yana da hanci, ya kuma amsa cewa yana wurin. Mai Sawu ya daɗe yana kallon hannuwan mutumin. Tas suke, babu ja, babu kumburi, sai zobba. Wanda ya san turare kuma ya san abin da zai ɗebi zalla da shi. Wannan bai wanke shi ba, amma bai kama shi ba.

* * *

Rana ta fara karkata lokacin da ya koma lungun. A kan siminti babu sawun da za a bi, ƙafafu da yawa sun tattake wurin tun safe. Ya tsuguna da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya koma wa kiyashin nan.

A bakin ƙofar baya layinsu ya kauce wa wani ɗan fili. Gaba kaɗan ya sake kaucewa. Ya sa yatsa ya shafa wurin, ya ɗana a gefen harshe, ya tofar da sauri. Kirfa ce. Man ya bushe bai bar maiƙo ba, ido ba ya ganinsa, amma ƙananan halittun nan sun ƙi taka shi.

Ya bi kewayen nasu sannu a hankali. Da farko ɗigon yana nesa da juna, sannan ya matso kusa, sannan ya zama kamar an ja zare. Abin da aka ɗebo man a ciki yana ta ƙara yoyo ke nan, mai riƙe da shi kuma yana ƙara sauri. Sawun bai yi wajen titi ba, bai yi wajen Mai Turare ba. Ya shiga tsakar gidan hayan da shaguna da ɗakunan layin duka ke ɗibar ruwa, ya tsaya a gindin famfo.

Wanda aka koya wa sana'ar nan ba zai ruga famfo ba, gwangwanin man kwakwa yana nan kusa da hannunsa. Wannan ya wanke yarinyar a idon Mai Sawu, amma ya san wannan ba hujjar da za ta tsayar da ɗan sanda ba ce. Gidan hayan nan mutum nawa ne ke shan ruwansa?

Ya sa sanda ya tona ciyawar da ke bakin kwata. Can ƙasa ya zaƙulo wani farin kofin roba, irin na shan ruwa a yar. Gindinsa ya narke ya lotsa, gefe ɗaya ya yi laushi ya sake daskarewa. A kan laushin akwai wasu baƙaƙen zane, gajerun layuka a jere, da wasu alamu kamar rubutu amma ba su karantuwa.

Ya juya kofin sama, ya juya shi ƙasa. Wani babur yana jingine a jikin bango. Ya kai kofin gaban madubinsa, sai alamun suka miƙe suka zama lambobi: hamsin da takwas, hamsin da tara.

Sannan ya naɗe kofin a ƙyallen hancinsa, ya ce a ransa gara a ce Mai Turaren ne.

* * *

Tela ya dawo da ɗan sanda ɗaya, matashi, mai alamar yana son a gama da wuri. Mai Sawu ya roƙi a shiga ɗakin ajiya, a bar taro a waje. Taron bai tafi ba, ya dai dawo bakin taga. Hajiya ta zauna, mai gadi ya rakuɓe a bango, Mai Turare ya shigo yana buɗa hanci yana kallon kanta. Mai Haɗi tana inda ya bar ta.

"Yaya jikin tsoho?" Mai Sawu ya tambaya.

"Da sauƙi," in ji Tela a gajarce. "Sun ce zai kwana biyu. Baba, ba zama na zo yi ba."

"Ba za ka daɗe ba. Jiya da tsakar rana ƙofar nan tana buɗe, mai gadi yana barci."

"Malam, ni fa..."

"Kana barci. Mai Turare yana taga yana satar ƙamshi."

"Lallai!" in ji Hajiya, ta zabura. "Ban faɗa ba?"

"Ƙamshi kawai ya sata, Hajiya, shi kuma babu hukuncinsa. Wanda ya shigo ya ɗebi kirfa a kofin roba. Yarinyar nan ba za ta yi haka ba, ko Hajiya, ko Mai Turare, sun san roba ba ta riƙe shi. Kofin ya yi yoyo ya ƙone masa hannu, sai ya ruga famfo. Nan ma wanda ya san aikin ba zai yi ba."

"Wannan duk zance ne," in ji Tela. "Ita ta ce zan ga zalla."

"Ta ce." Mai Sawu ya warware ƙyallen, ya ajiye kofin a tebur. "Da ya sunkuya a famfo, wani abu da ke rataye a wuyansa ya lilo ya manne a jikin kofin, ya bar rubutunsa a kai. Ɗana, ara min tef ɗinka."

Tela ya kai hannu wuyansa ya riƙe tef ɗin, bai cire ba. Ɗan sandan ne ya matso ya kama bakin tef ɗin ya ɗaga. Lambobin suna nan reras har hamsin da bakwai. Daga nan sai wani fili fari, mai danƙo, sannan sittin.

Tela ya ja da baya. Ya zauna a kan wani kwali.

"Ta ce surkakke ne," in ji shi, da wata ƙaramar murya. "Da bakinta ta faɗa. Ni a sanina abin da aka surka an rage masa ƙarfi ne. Baba yana ta nishi, ƙafa ta ƙi, baya ya ƙi, ni kuma ina kallo. Na ce suna ɓoye na gasken suna ba mu ruwa-ruwa. Na ga ƙofa a buɗe..." Ya dubi hannunsa mai ƙyalle. "Da ya ƙone ni ma murna na yi. Na ce yauwa, wannan shi ne mai aiki. Abin da ya rage a kofin na juye a kwalbarsa. Da na fara shafawa ya ce min da zafi, na ce ya daure, maganin ne ke shiga. Ya daure. Saboda ni na ce, ya daure."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Da na ɗaga rigarsa na ga fatar... ƙannena suna tsaye, suna tambayar wa ya yi wannan. Bakina ya kasa cewa ni ne."

"Sai ya iya cewa ita ce," in ji Mai Turare, wannan karon babu dariya.

Ɗan sandan ya saki tef ɗin, ya gyara hula. "To yanzu wa ke ƙarar wa?"

"Babu, babu," in ji Hajiya da sauri, fuskarta ta washe. "Maƙwabtaka ce, a bar ta a nan. Alhamdulillahi, shago ya wanku! Ku na taga kun ji dai da kunnenku, kayana lafiya suke." Ta juya ga Mai Haɗi. "Ke kuma ai sai ki saki ranki, dama ni na san ba za ki aikata ba. Tashi maza, sabulun matan nan bai haɗu ba, gobe za su zo karɓa."

A bakin taga an riga an fara watsewa. Matar da ta ce tana tsoron masu shiru-shiru tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita dama tun safe take zargin Telan. Shi kuwa yana zaune kansa a ƙasa, bai ɗago ya dubi kowa ba.

Mai Sawu yana kallon yarinyar. Ta miƙe, ta ɗauki babbar kwalbar kirfa, ta goge wuyanta da auduga, ta murɗa murfin har ya kama, ta ɗora ta can saman kanta inda hannu ba ya kaiwa sai da kujera. Ta rufe gwangwanin man kwakwa. Sannan ta kwance rigar aikin, ta ninke ta da kyau, ta ajiye a gefen teburin da ke gaban Hajiya.

Hajiya tana can tana yi wa ɗan sanda bayanin man da ke maganin ciwon kai, ba ta lura ba. Mai Haɗi ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafi, ta raɓa ta gefen Tela ba tare da rigarta ta taɓa shi ba, ta fita ta ƙofar baya.